Takardar Janye Ƙara a Hannun Kawu

Gidan Yari,
9 ga Afrilu, 2024.

Zuwa ga taubashiyata Rhoda,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara, da Goggo mahaifiyarki da ƙafar nan tata. Yaya aikin asibiti? Har yanzu sai kin yi wa marar lafiya tsawa kafin ki yi masa allura? Ni dai da sauƙi. Ƙaiƙayin da ya dame ni bara ya tafi, sai wani haƙori da ke neman rabuwa da ni.

Wannan ce wasiƙata ta uku gare ki tun da aka kwaso mu daga Zariya aka kawo mu nan nesa. Biyun farko ban ji amsa ba. Na tambayi Mama Dinatu, wadda ke zuwa mana duk wata tare da 'yan zumuntar mata, ta tabbatar mini hannu da hannu ta ba ki su a Samaru. To, na gane, kuma ban yi fushi ba. Amma wannan ki daure ki karanta har ƙasa.

Kin san shekara shida aka yanke mini. Na yi biyu da wata takwas. Makon jiya jami'in walwala na nan, Malam Abdulhafiz, ya kira ni ofis. Ya ce akwai kwamitin da zai zauna a watan Nuwamba ya duba waɗanda za a saka bisa sharaɗi, wato mutum ya ƙarasa sauran wa'adinsa a gida, yana zuwa yana sa hannu. Ya ce fayil ɗina mai kyau ne. Ban taɓa faɗa da kowa ba, na koyi ɗinki, yanzu ma ni ke koya wa sababbi. In sunana ya shiga, a Dogarawa zan yi Kirsimeti tare da iyalina. In bai shiga ba, sai baɗi.

Abu ɗaya ne ya tsaya. Ya ce kwamitin ba ya buɗe fayil ɗin wanda ƙararsa ke gaban kotu, domin ba zai yiwu mutum ya ce wa kwamiti ya tuba, alhali yana can yana ce wa alƙalai bai yi ba. Ƙarar da Baba Mordecai ya sa aka ɗaukaka tun shekarar da aka ɗaure ni tana nan kwance, ko rana ba a sa mata ba. Dole a janye ta kafin ƙarshen Oktoba, lokacin da ake rufe jerin sunaye.

Rhoda, bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa a gida ba. Na yi. Kwalayen kodin da tiramol da aka samu a bayan kemis ɗina nawa ne, babu wanda ya ajiye mini su. Na amsa laifina a gaban alƙali ina sane da abin da nake amsawa. Daga baya da Baba ya zo da lauya da takarda ya ce in sa hannu, na sa, don ban iya kallon idonsa in ce a'a ba.

Ke kaɗai ce a danginmu ba ta tsoron magana. Ki ba ni shawara.

Taubashinki,
Othniel.

Hayin Dogo, Samaru,
12 ga Mayu, 2024.

Dokta,

Ko in ce tsohon Dokta, tunda mutanen Sabon Gari ne suka ba ka digirin, ba makaranta ba. Muna lafiya, mun gode Allah. Ƙafar Goggonka sai a hankali. Ta ce in gaishe ka, ta yi kuka, ta sake cewa in gaishe ka. Haƙorin ka riƙa kurkure shi da ruwan gishiri mai ɗumi, ko da yake kai ba a koya maka magani.

Na karanta biyun farko. Ban amsa ba ne don duk lokacin da na ɗauki biro sai zuciyata ta tashi. Ka rubuto "na yi" kamar wani sabon labari kake ba ni. Othniel, a ɗakin da ake kawo su nake aiki. Watan da aka kama ka an kawo mana wata ɗaliba 'yar aji biyu, kumfa na fita a bakinta, ta ɓata wandonta, ƙawayenta na ta jijjiga ta suna ihu. Kwalba uku muka samu a jakarta, cikin leda mai sunan shagonka, da ayar nan da ka sa aka buga a ƙasan sunan. Ni na wanke ta. Ta rayu, amma karatu ya ƙare. Tun ranar, ko sunanka aka ambata sai in ji zaƙin maganin tarin nan a maƙogwarona. Tir da kai. Na faɗa a lokacin, yau ma na maimaita.

Amma ka san abin da ya fi ba ni ƙyama? Mu. Kai ko ba komai kana can kana shan hukuncinka. Mu muna nan muna ƙarya cikin kayan zuwa coci. Tun da aka ɗaure ka Kawu Mordecai ya miƙe gaban ikilisiya ya ba da shaida, wai maƙiya ne suka ƙulla wa ɗan ƙanensa sharri don a ɓata sunan gidan Shekari, gidan da ya ba da filin da aka gina majami'a. Lahadin farko na kowane wata sai an karanta sunanka cikin abubuwan addu'a: "Ɗan'uwanmu Othniel, wanda ke shan tsanani ba da laifinsa ba." Mata su ce amin da ƙarfi, alhali rabinsu sun san inda 'ya'yansu ke sayo abin.

Ka ma san hujjar da lauya ya kafa ƙarar a kanta? Wai ba ka jin Turanci. Wai da Turanci aka karanta maka tuhuma, kuma babu inda aka rubuta cewa an fassara maka. Kai ɗin! Kai da ka shekara biyar kana yi wa baƙin masu wa'azi tafinta, kana gyara wa fasto Turancinsa a bayan idonsa muna dariya. Ranar da Kawu ya gaya mini haka sai da na fita waje na tofar da yawu.

Shawara kake so, ga ta: ka janye. Ba don ka cancanta ba. Don Ƙauna matarka ta gaji ne, kuma 'yarka Stephanie ta shiga aji uku tana ce wa 'yan ajinsu babanta yana Legas. Ka tambayi Malam Abdulhafiz ko ana iya aika takardar kotu kai tsaye daga wurinku. In ana iyawa, ka aika daga nan, ka bar ni da mutanen gida.

Rhoda.

Gidan Yari,
8 ga Yuni, 2024.

Uwar tsiwa,

Na gode Allah da kuke lafiya. Haƙorin ya fita da kansa ina cikin cin garin rogo, na huta. Ki ce wa Goggo ta daina kuka, ƙafa ba ta son damuwa.

Na karanta maganar ɗalibar nan. Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Kada ki gaya mini sunanta, ba zan iya ɗauka ba.

Na tambayi Malam Abdulhafiz kamar yadda kika ce. Ya ce ana iyawa. Shi da kansa ya cike mini takardar janyewa, na sa hannu a gabansa, ya buga hatimi, har ya ciro ambulan zai rubuta adireshin kotu. Na ce ya dakata.

Na san za ki zage ni, amma ki saurara. Ina ɗan shekara tara mahaifina ya rasu. Baba Mordecai, yayansa, shi ya ɗauke ni ya haɗa ni da nasa, bai taɓa bambanta kwanona da na 'ya'yansa ba. Shi ya nemo Barista Ayodele. Shi ya tsaya gaban jama'a ya sa bakinsa a kaina. In takardar nan ta tafi kotu daga nan, kotu za ta sanar da lauya, lauya ya buga wa Baba waya. Ke nan daga bakin bare zai ji cewa ɗan da ya riƙa ya ƙaryata shi. A gidanmu ba a yin haka, ke ma kin sani. Ko mata zan saka, sai ya fara ji, balle wannan.

Saboda haka ga takardar nan na ba Mama Dinatu ta kawo miki. Ki kai masa Jushi da kanki. Ki durƙusa a madadina, ki ce na yi kuskure, ina roƙon gafara, ina roƙon ya kai wa lauya da hannunsa. Zai yi faɗa, ki bar shi ya yi. In ya huce zai kai. Akwai lokaci, wata huɗu da ɗoriya.

Da na ce wa Malam Abdulhafiz haka, sai ya mayar da ambulan ɗin cikin durowa. Ya ce, "Takardarka ce, Malam Othniel."

Naki,
Othniel.

Hayin Dogo, Samaru,
7 ga Yuli, 2024.

Othniel,

Muna lafiya. Ruwa ya sauka sosai, masara ta yi kyau. Ƙauna ta kawo Stephanie ta yi mana kwana biyu, yarinyar ta ɗauko surutunka kaf.

Ka ci zagin da ka yi tsammani, a zuciyata na yi maka shi. Mutum ya miƙo maka ambulan ka ce a dakata! Amma da na kwana na tashi sai na ga ni ma da hakan zan yi. Haka aka rene mu.

Na je Jushi yau Lahadi bayan sujada. Tun daga Samaru har Kwangila ina ta shirya maganar da zan yi a cikin mota. A Sabon Gari keken da na hau ya bi ta ƙofar ofishin Barista Ayodele, na kalli allon, na ce a raina da ma ranar aiki ce in sauka in ajiye in huta. Na wuce.

Na tarar da Kawu a falo yana shan kunu. Na cire takalmi, na durƙusa, na faɗi duk abin da ka ce in faɗa, ban rage ba. Ya ajiye kofi ya karɓi takardar da hannu biyu. Ya sa tabarau ya karanta, ya sake karantawa. Ina jiran tsawa, shiru. Sai ya ce, "Yaron nan ya girma." Ya ninke ta ya sa cikin littafin waƙoƙinsa na coci, ya ce mu yi addu'a. Ya yi doguwa, har gwiwata ta sage. Da zan tafi ya ce, "'Yar ƙanwata, kin yi naki. Ki bar komai a hannuna."

To ka ji. Ban san tsufa na sanyaya mutum haka ba. Na sa maka sabulu da man shafawa cikin saƙon Mama Dinatu, kada ka sayar.

Rhoda.

Gidan Yari,
10 ga Agusta, 2024.

Rhoda,

Allah ya saka miki. Na karanta wasiƙarki a tsaye, na zauna na sake karantawa. Da hannu biyu! Ai na gaya miki Baba faɗa ne da shi, amma zuciyarsa mai kyau ce. Na je na gaya wa Malam Abdulhafiz an gama. Ya ce madalla, yana jiran takardar kotu mai nuna an janye, da ta iso zai haɗa da fayil. Ya rubuta sunana da fensir a jerin, ni ne na bakwai cikin goma sha ɗaya.

Na rubuta wa kwamiti takardar nadama, shafi uku. Na faɗi komai a ciki, har ɗalibar da kika wanke. Na ɗinka wa Stephanie riga da ragowar yadi, amma ban san tsawonta ba yanzu, ki auno mini ita daga kafaɗa zuwa gwiwa. Ki gaida Baba, ki ce ɗansa ya gode.

Othniel.

Gidan Yari,
12 ga Oktoba, 2024.

Rhoda,

Lafiya kuwa? Mama Dinatu ta zo a Satumba hannu wofi, yau ma haka. Ta ce ta gan ki a coci kin kauce mata. Ko na sake yin wani laifin ne? Ko jikin Goggo ne kuke ɓoye mini?

Takardar kotu ba ta iso ba. Malam Abdulhafiz ya ce zai sa a bincika masa. Saura kwana goma sha tara a rufe jerin. Ya ce in ta kama a cike wata a aika daga nan, amma yana shakkar ta je ta dawo kafin lokaci. Na ce masa a'a, tabbas tana hanya, Baba ya ce a bar komai a hannunsa. Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Othniel.

Hayin Dogo, Samaru,
3 ga Nuwamba, 2024.

Othniel,

Kowa lafiya, Goggonka ma lafiya. Ba kai ka yi laifi ba, ni ce. Ka karanta, in ka ga dama kada ka sake kirana taubashiya.

Takardar ba ta je ko'ina ba. Tun watan Agusta na sani. Muna cikin sujada Kawu ya buɗe littafin waƙoƙinsa, ina zaune layi biyu a bayansa, na hango gefen takardarka da shuɗin hatimin. Da ita yake sa alamar shafi. Na ce bari a tashi in tambaye shi. Aka tashi, na je na gaishe shi, ya tambayi yara, na ce suna lafiya, na juyo.

Ni Rhoda, wadda likitoci ke shakkar bakinta, na kasa ce wa kawuna, "Ka kai takardar?" Ya riga ya ce in bar komai a hannunsa. In na sake tambaya, na ce masa maƙaryaci ke nan. Sai na bi ta wajen matarsa, na ce ta ɗan tuna masa. Ta ce za ta duba lokacin da ya dace. Na bi ta wajen Goggonka, ta ce ita ba ta taɓa tsallake maganar yayanta ba, ba za ta fara da furfura ba. Haka na yi ta zagaye-zagaye har mako biyar, ga wasiƙarka ta murna a jakata, ga awon rigar Stephanie na ɗauka na kasa aiko maka. Abin da ya sa na guje wa Mama Dinatu ke nan. Ƙyamar kaina nake ji.

Ranar Lahadin ƙarshe ta Satumba magatakardan coci ya karanta sanarwa cewa Allah ya amsa addu'a, an saurari ƙarar ɗan'uwanmu Othniel, saura yanke hukunci. Aka yi tafi. Washegari ban je aiki ba, na tafi ofishin Barista Ayodele. Haifaffen Sabon Gari ne, Hausarsa ta fi tawa. Na tambaye shi takardar janyewa. Ya ce wace takarda? Na gaya masa. Ya cire tabarau ya ce, "Madam, da kin kawo mini ita a watan Yuli, aikin kwana ɗaya ne. Ni wanda ke ɗaure nake wa aiki, sa hannunsa ya fi na kowa." Ya ce ƙarar ta fi shekara biyu tana barci, amma tun tsakiyar Yuli Kawu ke zuwa ofishinsa duk mako yana matsa masa a nemi rana, har aka samu. Tsakiyar Yuli, Othniel. Mako ɗaya bayan na durƙusa.

Na ce to yanzu fa? Ya ce an riga an yi muhawara, alƙalai sun tafi rubuta hukunci, ba a cika komawa baya daga nan ba. Ya ce in kwantar da hankalina, yana ganin za mu yi nasara. Na tambaye shi in mun yi nasarar za a sake ka? Sai ya fara gyara takardun kan teburinsa.

An rufe jerin ran Alhamis, na sani.

Rhoda.

Hayin Dogo, Samaru,
8 ga Disamba, 2024.

Othniel,

Ban ji daga gare ka ba, ban kuma yi mamaki ba. Muna nan lafiya. Ina fata kai ma haka.

Ina jin labari ya riga ya iso ka, amma gara ka ji yadda aka yi a nan. Kotu ta soke hukuncin da aka yi maka, ta ce ba a nuna an fassara maka tuhuma ba. Ba ta ce a sake ka ba. Ta ce a koma a sake shari'ar daga farko, gaban wani alƙalin.

Yau aka yi godiya a coci. Dangi duka suka ɗinka anko, har daga Kafancan aka zo. Aka kira gidan Shekari, muka taso daga ƙofa muna rawa har gaban bagadi, Kawu a gaba da farar babbar riga yana ɗaga hankici. An kawo buhun masara da ɗan akuya. Ƙauna na tsakiya an riƙe ta hagu da dama, tana kuka, mutane na cewa kukan murna ne. Ni ma na yi rawar. Ka ji ni da kyau, na sa ankon, na yi rawar. Kawu ya karɓi lasifika ya ce Allah ya kunyata maƙiya, kotu ta wanke ɗansa, sunan gidan ya koma fari tas.

Kafin ranar na koma wurin Barista. Ya ce abin da ya rage shi ne a nemi belinka kafin a fara sabuwar shari'a, amma a irin wannan tuhumar sai mai gida na kansa, mai takardar mallaka, ya tsaya maka. Mu haya muke, ka sani. A dangi kaf Kawu kaɗai ke da irin wannan takardar.

Bayan an ci shinkafa an watse, na same shi a falo. Wannan karon ban durƙusa ba, kuma ban cire takalmi ba. Na gaya masa abin da lauya ya ce. Ya kalle ni kamar na zo da hauka. Ya ce, "In sa gidana? In ya fito ya koma sana'arsa fa, ko ya gudu? Yaron da ya iya sayar wa 'ya'yan mutane guba, me ba zai iya ba?"

Na ce, "Kawu, ashe ka san ya yi?"

Ya ce, "Ke yarinya ce? Tun kafin a kama shi na sani. Sau biyu ina kiransa ina ja masa kunne."

Na ce, "To me ya sa ka riƙe takardarsa? Da yanzu yana shirin dawowa gida."

Ya ce, "Ya dawo a matsayin me? Mai sayar da ƙwaya da aka yi wa sassauci? In zauna a kujerar dattawa ana nuna ni da baki? Yanzu kowa ya ji kotu ta wanke shi. Abin da nake nema ke nan, na kuma samu. Sauran sai a bar wa Allah."

Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta a nan ba, don ganduroba zai karanta. Matarsa ta fito da gudu, Goggonka ta ce na jawo mata abin kunya. Bakin da ya kamata in buɗe a watan Agusta, sai a Disamba ya buɗe, lokacin da ba shi da amfani ga kowa.

Ina ta neman wanda zai tsaya maka. Na yi wa mutum huɗu magana, duk sun ce ai ga kawunku nan. Ka gaya mini abin da kake bukata in aiko.

Rhoda.

Gidan Yari,
11 ga Janairu, 2025.

Taubashiyata,

Barka da sabuwar shekara. Ina lafiya. Wasiƙunki biyu sun iso tare. Kada ki ɗora wa kanki duka, ni na ce a mayar da ambulan cikin durowa.

Abin da Baba ya faɗa gaskiya ne, sau biyu ya ja mini kunne. Shi ya sa na ɗauka in na ce na tuba zai yi murna.

Kwamiti ya zauna. Mutum tara suka samu, sun fita ana saura kwana shida Kirsimeti. Biyu daga ciki ni na koya musu ɗinki. Ɗaya ma ni na riƙe masa jaka har ƙofa ta biyu, inda ake tsayar da mu.

Ranar da takardar kotu ta iso, aka kira ni ofis aka karɓe kayan fursuna, aka ba ni rigar da aka kama ni da ita. Ta yi mini yawa. Tunda yanzu babu hukunci a kaina, ba ni da hurumin shiga ɗakin ɗinki, na waɗanda aka yanke wa hukunci ne. An mayar da ni ɓangaren masu jiran shari'a. Mu sittin da wani abu ne a ɗakin, bokiti ɗaya, kwana ma bi da bi ake yi. Warin ba zan kwatanta miki shi ba, ke ma'aikaciyar asibiti ce, ki ƙaddara.

Na ce wa Malam Abdulhafiz a kai ni gaban kowane alƙali, zan sake amsa laifina da Turanci da Hausa, a mayar mini da shekaruna shida. Ya ce sai fayil ya koma ƙasa, a ba wani alƙalin, a sa rana. Na ce yaushe? Ya ce bai sani ba. Na ce to kwamitin baɗi fa? Ya ce kwamiti na masu hukunci ne. Dattijon da muke karɓa-karɓar tabarma da shi, shi ma nasara ya yi a kotun sama. Shekara huɗu ke nan yana jiran fayil ɗinsa.

Kin tambayi abin da nake bukata. Ki aiko da sabulu da maganin ƙaiƙayi. Sannan ina roƙon abu ɗaya: ki je wurin magatakarda ki ce a daina ambaton sunana a coci, ko cikin addu'a ko cikin godiya. In ya tambayi dalili, ki gaya masa yadda abin yake. Lokacin da nake mai laifi ina da ranar fita, ina ƙirga ta kowace safiya. Yanzu an wanke ni, ba ni da ita.

Othniel.